Amsoshin Tsohuwar Malama

Malamin aji biyar ba ya rubuta komai da kansa, wannan har mai gadin makarantar ya sani. 'Yan uwansa malamai Malam Tura-min suke ce masa, don tun da aka saka shi a zauren malamai na waya ba a taɓa ganin ya tofa komai ba in ban da "Allah ya saka, a tura min."

Shi zauren nan da kyakkyawar niyya aka buɗe shi. Malaman makarantu daban-daban ne a ciki, wai su riƙa taimakon juna. Wanda ya tsara darasi mai kyau ya saka, wanda ya zana sassan jikin mutum ya ɗauki hoto ya saka, mai tambayoyin jarrabawa shi ma ya saka. To amma ka san halin mutane. Rijiya ce mutum biyar suka haƙa, ɗaruruwa ke zura guga. Sauran aikinsu danna hoton babban yatsa, ko sun karanta ko ba su karanta ba.

Maman Auta tela ce, kekenta na cikin wani ɗan shago a ƙofar gida. Firamare ma ba ta gama ba, amma tana cikin zauren malamai daram. Wata malama mai kawo mata ɗinki ce ta nuna mata hanyar shiga, ashe ba a tambayar takardar shaida, suna kawai mutum zai rubuta. Ta lalubo wani tsohon layi da ba wanda ya san lambarsa, ta sa hoton littattafai a jere, ta kira kanta Tsohuwar Malama. Kullum in ta idar da sallar asuba sai ta tura addu'a ta gaida malamai da aiki. Kafin wata biyu har "uwarmu" ake ce mata, ana neman albarkarta.

Ba son ilimi ya kai ta ba. Auta ce.

Auta ta riga ta maimaita aji biyar sau ɗaya, shekarar da ta yi ta fama da ciwo. A nan Ƙarama ta cim mata, 'yar facalar Maman Auta, wato matar ƙanin mijinta. Gida ɗaya suke, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Dokar makarantar kuwa, wanda ya faɗi lissafi a jarrabawar ƙarshen shekara ba ya wucewa. In Auta ta sake faɗuwa, Ƙarama za ta haye aji shida ta bar yayarta a baya, kullum safiya su fita tare su rabu a ƙofar aji, Facala na kallo daga bakin famfo. Maman Auta ta gwammace ta haɗiye allura da ta ga wannan rana.

Ita yarinyar ba daƙiƙiya ba ce. Sanyin hannu gare ta, sai ta yi ta jan layi a gefen takarda tana ƙirgawa kafin ta rubuta amsa, amma in ta rubuta ba ka cika samun kuskure ba. Uwar ce ba ta yarda da abin da ake yi a hankali ba. Ta lura duk abin da Malam Tura-min zai ba yara daga zauren yake kwaso shi, kuma ba ya wahalar da kansa wajen zaɓe, wanda ya fi tara yatsu shi yake ɗauka. Sai ta riƙa riga shi gani tana biya wa Auta.

Wata rana tana cikin kafa hannun riga wayar ta yi ƙara. Ta duba, sai ga wata ta rubuta a zauren, a taimaka mata da tambayoyin aji biyar don Allah, ɗalibanta na jira. Sunan da matar ta sa wa kanta Malama Mai Haƙuri. Amma ita waya ba ta san kara ba, sunan da aka adana lambar da shi ta nuna: Facala.

Maman Auta ta ɗauke ƙafa daga kan keke. Facala, wadda ko haƙurin jiran ruwa ya tafasa ba ta da shi, ita ce Malama Mai Haƙuri. Ashe shi ya sa Ƙarama, yarinyar da in ka aike ta shago sai ka bi ta da addu'a, ta zo ta uku a zangon da ya wuce. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta yi ta mita ita kaɗai, wai mutane ba su da tsoron Allah, mace ba malama ba ta shiga cikin malamai tana satar amsa. Ko sau ɗaya ba ta dubi hoton littattafan da ke kan nata layin ba.

Ta san yadda Facala ke koyar da 'yarta, don bango ɗaya ya raba ɗakunansu. Ba bayani, ba me ya sa. Tambaya ta ɗaya amsa kaza, ta biyu amsa kaza, a yi ta maimaitawa kamar aku har ya zauna. Daga nan dabara ta zo mata.

Ta ɗauko littafin lissafin Auta, irin mai amsoshi a baya. Ta zaɓi tambayoyi ta kwafe su tsaf. Da ta zo kan amsoshi sai ta riƙa taɓa kowacce kaɗan, nan ta rage biyu, can ta ƙara goma, wani wuri ta juya lambobin. Ta kai wa mai kwamfuta na bakin titi ta ce ya buga mata da manyan baƙaƙe, ya zagaye takardar da ado, ya sa a sama: jarrabawar ƙarshen shekara, lissafi, aji biyar, tare da amsoshi. Yaron ya kai amsa ta uku ya ɗan ɗago kai zai yi magana, ta ce masa bugu aka kawo masa ba gyara ba.

Lissafinta ita a sauƙaƙe yake. Malam Tura-min zai kwashi tambayoyin, wannan ba shakka. Facala za ta ɗora wa Ƙarama amsoshin banza. Ita kuma ta biya wa Auta na gaskiya daga bayan littafi. Ranar ba da maki, malami ai malami ne, kome lalacewarsa ya san bakwai sau takwas, da kansa zai duba. Auta ta haye, Ƙarama ta zauna. Har da ɗaga hannu bayan salla tana roƙon Allah ya dafa mata, astagfirullah, kamar Ubangiji abokin ƙulla mugunta ne.

Ta saka takardar a zaure ana saura mako guda jarrabawa. Ado ya yi aikinsa. Yatsu suka yi ta zuba kamar ruwan sama. Wannan ya ce uwarmu ta gama magana, wancan ya ce irin su ne suka san aikin tun kafin a lalata shi. Wani har da cewa ya duba tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, bai ga na yarwa ba. Malam Tura-min ya rubuta a tura masa, alhali ga takardar nan a gabansa, dannawa kawai zai yi. Ta tura masa.

A ranar da yamma ta ji muryar Facala ta bango, Ƙarama na amsawa. Maman Auta tana yanka yadi tana murmushi. Ta kira Auta ta zaunar da ita kusa da keke. Yarinyar ta ce a bar ta ta yi da kanta, ta ja layukanta ta ƙirga, duk abin da ta fitar ya yi daidai da na bayan littafi. Uwar ba ta ma yaba ba, ta ce ta ƙara sauri.

Ranar jarrabawa Auta ta dawo baki har kunne, ta ce wallahi duk waɗanda suka yi ne suka fito, ko ɗaya bai canza ba. Ƙarama ma ta dawo tana tsalle. Maman Auta ta dubi Facala ta ce Allah ya ba mai rabo sa'a, Facala ta ce amin Yaya, kowacce da abin da ke cikinta.

Ranar da aka raba takardu Ƙarama ce ta fara shigowa, takardarta a sama kamar tuta. Ta cinye duka. Facala ta karɓa ta zagaya tsakar gida da ita, ta nuna wa mai wanki, ta nuna wa maƙwabciya ta saman katanga, ta zo har ƙofar shago ta ce Yaya duba abin da 'yarki ta yi. Auta ta shigo daga baya, tana jan ƙafa, tata a ninke cikin aljihu. Jan biro tun daga sama har ƙasa, kowace amsa an soke ta. A ƙasa an rubuta za ta maimaita.

Maman Auta ta duba amsar farko, daidai. Ta biyu, daidai. Nan ta sha jinin jikinta. Ta rufe shago da ɗinkin mutane a kan keke, ta ja mayafi.

Ɗakin malamai tebura ne a jere da tulin littattafan yara da ba a duba ba, ƙura ta hau su. Malaman duk sun tattaru a kusurwa ɗaya wajen soket ɗin da ke aiki, kowa da wayarsa a caji, kai a sunkuye. Ta yi sallama sau biyu kafin wani ya amsa. Malam Tura-min ya taso da ƙyar, yana jan wayar har igiyar ta miƙe, don kada ya cire.

Ta gaishe shi da ladabi, ta shimfiɗa masa takardar, ta ce ita dai ba ta yi karatu ba, amma tana ganin kamar an yi kuskure wajen makin yarinyar nan. Ya duba sama-sama ya ce ba kuskure, yarinya ce ba ta mai da hankali, ya sha faɗa. Ta sa yatsa a tambaya ta huɗu.

"Malam, bakwai sau takwas fa. Ta rubuta hamsin da shida ka soke."

Leɓensa suka motsa, yana ƙirgawa a ransa. Ta ga alamar abin ya taɓa shi. Sai ya buɗe wayar ya laluba, ya juyo mata da fuskarta, ga takardarta nan da adonta.

"Hamsin da huɗu ne a nan. Hajiya, kin san wadda ta tsara wannan? Tsohuwar malama ce, ta koyar tun ba a haife ni ba. Dubi yatsu. Malamai sun fi ɗari uku suka sa hannu. Duk ba su gani ba sai ke?"

Ta ce to ya ƙirga da kansa mana, ga takarda ga biro. Ya ce shi ba zai tsaya yana ja da manya ba, akwai sabuwar hanyar lissafi da ake koyarwa yanzu wadda iyaye ba su sani ba, kuma da ma matsalar kenan, kowa ya sayi waya sai ya ɗauka ya zama malami. Wata malama daga kusurwa ta ce ai kuwa, ba ta ko ɗago kai ba.

Maman Auta ta fito baranda ta tsaya jikin ginshiƙi. Ta ciro waya ta shiga zauren da tsohon layinta. Ta rubuta a yi mata afuwa, amsoshin da ta saka kwanaki akwai kuskure a cikinsu, duk wanda ya yi maki da su ya sake dubawa, na daidai suna bayan littafi. Ta tura, ta leƙa ta taga.

Wayoyin kusurwa suka yi ƙara kusan tare. Ta ga Malam Tura-min ya duba, babban yatsansa ya motsa, ya ajiye. A tata wayar yatsu suka fara shigowa. Allah ya ƙara wa uwarmu lafiya. Allah ya bar mana ku. Nasa ma ya shigo, wai Allah ya saka, a tura masa. Ko layin farko bai karanta ba.

Ta tsaya nan tana auna abin. In ta yi shiru, Auta ta zauna. In ta buɗe baki, maganar za ta isa gida kafin ita, Facala ta ji, miji ya ji, masu kawo ɗinki su ji. Ta tuna yadda yarinyar ta shigo tana jan ƙafa. Ta nufi ofishin hedimasta.

Hedimasta mutum ne mai tumbi da fanka tasa shi kaɗai. Ya saurare ta yana juya makulli a yatsa, ya aika aka kira Malam Tura-min. Malam ya sake karanto ɗari ukunsa da tsohuwar malamarsa. Maman Auta ta ajiye wayarta a kan tebur, zauren a buɗe, ta ce Malam ya kira lambar Tsohuwar Malama. Ya ce shi ba zai dami dattijuwa ba. Hedimasta ya ce ya kira. Wayar ta hau ruri a kan tebur, tana zagaya kanta kusa da tambarin makaranta.

"Ni ce, ranka ya daɗe. Ni na rubuta, ni na ɓata amsoshin da gangan. Tela ce ni. Ku yi mini duk abin da za ku yi, amma yarinyar nan daidai ta rubuta."

Abin da ya fara fitowa daga bakin Malam Tura-min shi ne, ai da ma shi tun farko ya ga kamar amsoshin da ɗan abin dubawa. Hedimasta ya ce ya yi masa shiru, ya je ya kwaso takardun ajin gaba ɗaya.

Aka zube su a tebur. Hedimasta ya riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa na sauyawa. Hamsin da huɗu. Hamsin da huɗu. Hamsin da huɗu. 'Yar mai kanti, ɗan direba, tagwayen ma'aikaciyar asibiti, duk hamsin da huɗu, duk sun cinye. Ajin kusan gaba ɗaya. Waɗanda suka faɗi ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, Auta da wasu yara da iyayensu ba su da babbar waya. Maman Auta da ta ɗauka ita da Facala ne kaɗai ɓarayin zauren, ashe da yawa daga cikin masu kiranta uwarmu iyayen ajin Auta ne, kowacce da hoton littattafanta.

Hedimasta ya tattara takardun ya daidaita gefensu a hankali. Ya ce ya ji bayaninta, kuma abin ya taɓa shi. Amma ta duba da kanta. In aka sake maki, aji guda ne zai faɗi, gobe iyaye su cika masa ofis, jibi maganar ta kai sama, a ce makarantarsa tela ke tsara mata jarrabawa. Sakamako kuma an riga an shigar an aika. Ta ce to a gyara na Auta kaɗai, ba wanda zai ji. Ya ce in ya gyara na mutum ɗaya ya amsa cewa akwai kuskure kenan, kuma ita da bakinta ta ce ita ta rubuta tambayoyin, wato ta biya wa 'yarta kafin jarrabawa, wannan a dokar makaranta kora ce ba maimaici ba. Shi dai don yana jin tausayin yarinyar zai yi kamar bai ji ba.

"Shekara ɗaya ce, Hajiya, kamar gobe ne. Ki je ki goge sunan nan, mu ma mu rufa miki asiri."

Malam Tura-min har ya samu bakin cewa Allah ya sa hakan ya zama darasi. Da za ta fita ya biyo ta baranda, murya ƙasa-ƙasa, wai amsoshin gaskiyar da ta ce suna bayan littafi, ko za ta ɗauki hotonsu ta tura masa. Ta dube shi tun daga takalmi har hula, ta wuce.

Ta iso gida bayan la'asar. Facala na bakin famfo tana ba maƙwabciya labarin irin kan da Ƙarama ta gado, ta ɗaga murya ta ce Yaya a yi haƙuri, kowane yaro da lokacinsa. Maman Auta ta ce haka ne, ta shige.

Auta na zaune a kan tabarma a ɗaki, takardarta a gefe, ta Ƙarama a gefe, ta aro. Malam ya ce duk wanda ya faɗi ya kwafi gyara daga takardar wanda ya ci, sau uku-uku, a kawo gobe. Ta riga ta cika shafi guda da rubutunta mai kyau. A gefen shafin ga layukanta nan da ta ja ta ƙirga, ta sake ja ta sake ƙirgawa, sannan ta bi su duka ta soke.

"Umma, na ƙirga sau da yawa, hamsin da shida yake ba ni. A ina nake ɓata?"

Maman Auta ta tsaya da mayafi a hannu. Ta ce ba ta ɓata ba, nata ne daidai. Yarinyar ta dube ta, ta dubi jan biron Malam, ta dubi takardar Ƙarama mai maki cikakke. Ta ce to ai Umma ba ta yi aji biyar ba. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da kwafa.